Yadda Kakana Ya Tsaya Takara Bai Sani Ba

Igiyar shanya na fara gani da muka shiga. An ɗaura ta daga taga zuwa wata ƙusa a jikin ƙofa, amma maimakon zannuwa takardu aka rataya a kanta, suna shan iska tawada ta bushe. Ga katin ɗaurin aure da furanni da ruwan zinare. Kusa da shi wani mamaci, baƙin layi mai kauri ya kewaye shi. Kusa da mamacin wani ɗan takara yana murmushi har da haƙoran ciki, sai kuma tallan maganin basir da jan rubutu manya-manya kamar mai ihu a tasha. Amarya da gawa da ɗan siyasa da basir, duk igiya ɗaya ta ɗauke su. Na saki baki ina kallo har sai da Baffa ya ce, "Ke, kallo aka kawo ki? Shigo da hoton."

Wani ɗaki ne a unguwar Tunga a Minna, bayan shagon masu walda, inda ake buga takardu. Damina ce, shekarar da aka yi zaɓe na biyu a mulkin farar hula. Ina aji biyu a sakandare, muna hutu. Abin da ya kawo mu kuwa, Kaka ne ya ɓata, mahaifin babana. Ya fita da hantsi ba wanda ya gani, aka wuni aka kwana babu labarinsa. Baffa wan babana ne, babban akawu a sakatariya, kuma shi ya yanke cewa a buga takardar cigiya a manna a gari. Babana ya so a kai rediyo, Baffa ya ce a dakata tukuna, rediyo ba ta nuna riga, sai dai ta karanta sunan mutum tsakanin yaron da ya ɓata a kasuwa da tunkiyar da ta tsinke igiya. Ni aikina in ɗauko hoton, domin babba ne cikin gilashi, kuma tun da Baffa ya sami ofis mai fanka ba a sake ganinsa da kaya a hannu ba. Na naɗe shi a zanen Inna, na rungume shi a kujerar baya ta motarsa.

Kaka aikin reluwe ya yi tun yana saurayi. Shi ne mai tsayawa da tuta a inda titin mota ya ratsa hanyar jirgi, ya ɗaga ja idan jirgi na tafe, kore idan ya wuce. Da tsufa ya zo sai ya kwashe masa sunayen 'ya'yansa ya bar masa aikin. Kullum yana cikin wani baƙin kwat na ma'aikata da ya koɗe, maɓalli ɗaya ya rage a jiki, a kan 'yar shara. Silifas ɗinsa na hagu da waya aka ɗaure shi. Usur a wuya, koren tsumma a aljihu. Ni nake kai masa abinci a ɗakinsa na ƙuryar gida, kusa da turken awaki. Ranar da ya gane ni sai ya ce, "Amaryata, yau ma tuwon da gudaji? Zan sake ki fa." Ranar da bai gane ni ba, sai ya ɗaga mini hannu in tsaya da kwano a bakin ƙofa har jirgin da shi kaɗai yake ji ya gama wucewa.

Idan baƙi za su zo, ko suna ko biki, Gwaggo, ƙanwar su Baba, takan ja ƙofar ɗakinsa ta sa sakata ta waje, wai kada hayaniya ta dame shi. Idan mai hoto ya zo kuwa har labule ake saki. Shi ya sa da aka tashi neman hotonsa ba a sami ko ɗaya ba, sai wanda aka ɗauka da ya dawo daga Makka tun ba a haife ni ba.

Na kwance zanen a kan tebur. Wani mutum ne mai cikakken kumatu, cikin babbar riga ta aro mai aiki har ciki, da haƙorin Makka yana ƙyalli. Mai hoton na wancan zamani ya bi fuskar da fenti ya ƙara mata gira, ya share duk wani tabo. Ni dai ban taɓa ganin wannan mutumin a gidanmu ba, sai a bangon falon Baffa.

Mai shagon Bayarabe ne da ya tsufa a Minna, tabarau a goshi, yatsunsa baƙi ƙirin da tawada. Hausarsa ta kasuwa ce, mace da namiji duk ɗaya. Ya ɗaga hoton da hannu biyu.

"Masha Allah, Alaji! Baba ya rasu?"

"A'uzu billahi! Wa ya ce maka ya rasu?"

"To, yana takara?"

"Ya fita ne bai dawo ba."

Mai shagon ya sauke tabarau daga goshi zuwa hanci ya sake duban hoton, kamar mai mamakin yadda mutum mai irin wannan riga zai fita bai dawo ba. Ya ja mu wurin wani kabad mai aljihuna sirara, ya dinga jawo su ɗaya-ɗaya. Cike suke da haruffan dalma da ƙananan kayan ado.

"Alaji, duba. Aiki na mutum uku ne a nan. Wannan biki: fulawa, zobe, tantabara. Wannan mutuwa: baki layi. Wannan siyasa: tauraro, babban suna. Saura duka rasit ne da magani. Baba wane za mu sa shi?"

Baffa ya bi aljihunan da kallo ɗaya bayan ɗaya. Mai shagon ya duƙa ƙarƙashin tebur ya zaro wata takarda da ƙafa ta taka. A samanta an rubuta CIGIYA da haruffan da suka cinye faɗin takardar, baƙi a kan fari, a ƙasa layuka kaɗan: launi, tabo a kunne, inda aka gani na ƙarshe, inda za a kawo labari. Daga bakin ƙofa ma ana iya karanta ta.

"Akwai wannan kuma. Ba hoto, ba kala. Yau da yamma ka karba. Na yi wa wani mai shanu."

Baffa ya riƙe takardar da yatsa biyu kamar an miƙa masa ɓera.

"Saniya. Ubana za ka yi wa takardar saniya?"

"Haba, Alaji! Ni ma na ce bai dace ba." Ya karɓe ta ya mayar ƙarƙashin tebur, ya tura ta ciki da ƙafa. Daga baya na lura da yadda yake shafa taurarin nan na aljihu na uku. Sababbi ne, kuma a ganinsa duk takardar da ta fita ba tare da su ba tsirara ta fita.

Furanni dai ba su dace ba. Baƙin layi kuwa Baffa ya ce mugun fata ne. Aljihu ɗaya ya rage.

Baffa ya zauna ya harɗe ƙafa ya fara shifta. A sama sunan Kaka da Alhaji a gabansa, da haruffa mafi girma da ke shagon. A ƙasa da shi: Tsohon Babban Jami'in Kula da Zirga-zirgar Jiragen Ƙasa. Na sunkuyar da kai ina kallon yatsun ƙafata. A ƙasa da wannan: Mahaifin wane, sai sunan Baffa da muƙaminsa da wasu haruffan Turanci da yake sawa a bayan suna tun da ya je kwas Zariya.

"Cigiya fa, ina za mu sa shi?" in ji mai shagon.

"Ba za a sa ba. Kalmar yara ce da tumaki."

Da ƙyar aka daidaita a kan layi ɗaya a can gindin takarda: Ya fita daga gida, iyalinsa na son sanin inda yake. Sai kwatancen gidanmu. Da aka gama jera suna da muƙamai da taurari, wurin da ya rage wa wannan layin bai fi faɗin tsinken tsintsiya ba, sai aka sa shi da haruffan da mai shagon yake rubuta adireshinsa da su.

"Za mu ce kansa ba daidai?"

"Kansa lafiya lau. Mantuwa ce irin ta manya."

"Wane kaya ya sa?"

Baffa ya kalli silin. Bai sani ba. Rabonsa da ƙuryar gidanmu tun Sallah. "Kayan mutunci," in ji shi.

Kwat ɗin yana bakina, da usur, da wayar silifas. Amma a gidanmu yarinya ba ta gyara wa wan uba magana, ni kuwa ko ba a hana ba ba iyawa zan yi ba. A aji ma idan malami ya nuna ni, muryata takan tsaya a maƙogwaro ta ƙi fita. Na ninke zanen Inna, na sake warwarewa, na sake ninkewa.

Aka zo kan launi. Baffa ya zaɓi kore da ruwan ɗorawa. Mai shagon ya yi bayani cewa kowane launi sai an bi ta inji da shi daban, a shanya ya bushe kafin a sa na gaba, ga damina tawada ba ta son bushewa. Hoton kuma sai an aika da shi Kaduna an mai da shi farantin ƙarfe.

"Abu mai kyau ba ya son gaggawa," in ji Baffa, ya miƙe yana gyara hannun riga. Da muka fito hadari ya riga ya haɗo ta wajen Chanchaga.

Ruwan Minna ba ya wasa. Kwanakin da muka yi muna jiran tawada ta bushe, kusan kullum sai an yi. Babana yakan fita da asuba a kan kekensa ya zaga asibiti da ofishin 'yan sanda da tashar jirgi da bakin rafi, ya dawo jiƙe ya zauna a zaure. Inna takan rufe tuwon Kaka a kwanonsa ta ajiye, da safe a ba awaki. Gwaggo tana da kuka iri biyu, ƙarami na cikin gida da babba na lokacin da ta ji sallama. Ni kuwa duk sanda aka fara yayyafi sai in tuna cewa kwat ɗin ba ya rufuwa.

Ranar da fastocin suka iso, gaskiya sun yi kyau. Har Gwaggo ta share ido ta ce, "Kai, Yaya, kamar ya yi magana." Aka dama sitaci a bokiti, samarin unguwa suka bazu da su: bangon kasuwa, tasha, shataletale, turakun lantarki na hanyar Bosso, Tunga, ko'ina.

Washegari Inna ta aike ni kasuwa sayen kayan miya, na tsaya daga gefe wajen masu albasa ina kallon bango. Lokacin zaɓe ne, bangon cike yake da Alhazai. Kowa da babbar rigarsa, kowa da kumatunsa, kowa da taurarinsa. Kaka ya zauna a tsakiyarsu kamar tare aka yi musu suna.

A nan na fara gane yadda mutane suke kallon bango. Ba karatu ido yake fara yi ba. Siffa yake gani, ya yanke hukunci, ƙafa ta ci gaba da tafiya. Mai ɗauke da buhu a ka, wanda ko bismillah ta boko bai sani ba, idan ya hango baƙin layi sai ka ji ya ce Allah ya jiƙan musulmi. Jan rubutun masu magani yakan sa dattijo ya rage sauri, ya waiga hagu da dama, sannan ya matsa kusa. Fastar silima ta samari ce, da bakinsu a buɗe. Tauraro da babbar riga kuwa ko tsaki ko ɗaga hannu, ya danganta da launi. Ba wanda na ga ya duƙa ya karanta gindin takarda. Wa zai duƙa wa ɗan takara bai ba shi komai ba?

Wasu mutum biyu suka tsaya daidai kan Kaka.

"Wannan kuma sabo ne. Kujerar me yake nema?"

"Ko me yake nema, dubi kumatun. Ai ya riga ya ci."

Suka yi dariya suka wuce. Na sayi albasa na manta da tattasai.

Kafin a kwana biyu, a wasu unguwanni an ƙwaƙule wa Kaka idanu, a wasu an shafa masa taɓo. A tasha wani ɗan takara na gaske ya manna tasa fastar a kan rabin ta ƙasa, ya rufe ɗan layin da dama ba a gani. Amma wasu sun duƙa, ashe, domin sun gano kwatancen gida.

Da la'asar muka ji kiɗa a ƙofa. Samari ne cike da zaure, da maroƙi da mai kalangu. Gwaggo ta yafa mayafi ta leƙa, da babban kukanta a shirye.

"Hajiya, mun zo gaishe da Alhaji! Muna tare da shi, unguwarmu kaf tasa ce!"

"Wane Alhajin?"

"Babban Jami'i mana! Na bango!"

"Ku ba ku iya karatu ba ne? Ɓata ya yi!"

"Haba Hajiya, kowa ma haka ake ce mana idan mun je. Ko ya fita, ko yana barci. A dai taɓa mana shi, ko na goro ne."

Maroƙin ya riga ya ɗauka: jirgi mai tafiya da dubu, uban akawu, kakan akawu, gidan da ba a kwana da yunwa. Baffa yana ciki, ya fito da niyyar korarsu. Na ga fuskarsa ta tagar zaure. Ya buɗe baki daidai lokacin da maroƙin ya kamo sunansa da muƙaminsa, har da haruffan Turancin, yana jan kowanne kamar sarauta. Baffa ya rufe bakin. Ya tsaya ya ji har ƙarshe, sannan ya sa hannu a aljihu. Bayan sun tafi ya ce wa babana, "Ka gani? Takardar tana aiki. Gari ya ɗauka."

Babana ya ce, "Yaya, a kai rediyo."

"A ƙara haƙuri."

Abin da ya ƙare haƙurin ba ruwan sama ba ne. Shugaban su Baffa ne ya kira shi ofis ya ajiye fastar a kan tebur, ya tambaye shi tun yaushe ma'aikacin gwamnati yake buga sunansa da muƙaminsa a takardar siyasa, kuma da launin 'yan adawa. Baffa ya dawo gida kafin azahar, hula a karkace. Ranar na fara ganin yana gaggawa. Ya tara samarin da suka manna ya ce su koma su ɓamɓare, duk inda take, yau-yau. Sitacin Inna kuwa mai kyau ne, ya kama bango kamar da shi aka gina.

Ana cikin wannan ne mai nono ta yi sallama. Bafulatana ce daga Tudun Fulani, ta yi shekaru tana kawo mana nono, mai surutu da dariya. Ba ta san abin da ake ciki ba, domin Baffa ya hana a faɗa wa 'yan talla, wai su ne rediyon da ba a kashewa. Ta sauke ƙwarya a tsakar gida. A kan faifan ta shimfiɗa wata takarda mai kauri saboda yayyafi, kore da ruwan ɗorawa.

"Uwar gida, na ga wani Alhaji a kan turakun wuta, an ce naku ne. Allah ya ba da sa'a. In ya ci a tuna da mu, a yi mana rijiya."

Inna ta ce amin a ciki-ciki, ta miƙa kwano.

"Yau na makara, aradu ba laifina ba. Wani tsoho ne ya tare mana hanya a can wajenmu, inda shanu ke tsallake titi. Ya yi kwanaki. Ba mai wucewa sai ya hura usur ya ɗaga tsumma. Har direbobi sun fara tsaya masa. Shanunmu ma sun saba, in sun zo sai su tsaya suna kallonsa." Ta kwashe da dariya tana auna nono. "Mu ke ba shi fura. In ka tambaye shi gida sai ya ce yana kan aiki."

Kwanon ya kuɓuce daga hannun Inna, nono ya malale a ƙasa.

"Kwat gare shi?"

"Baƙi. Ya fi ni tsufa."

Inna ta fizge takardar daga kan faifan ta buɗe mata a fuska. "Shi ne wannan! Surukina ne!"

Mai nono ta karkata kai ta duba, ta matso da takardar, ta nisanta ta.

"Haba, uwar gida. Wannan ai sai ya haɗiye uku irin wancan." Sai dariyar ta ɗauke. Ta dubi tsakar gidan da ta saba zama a ciki, ta dubi ƙofofin ɗaya bayan ɗaya. "Dama akwai tsoho a gidan nan?"

Inna ta tura ni zaure in kira babana.

Babana ya tari tasi, ya ce in zo, tunda daga hannuna Kaka yake karɓar abinci. Mai nono ta shiga gaba da ƙwaryarta a cinya. Duk tsawon hanyar Bosso mutumin mai kumatu yana yi mana murmushi daga turakun lantarki, wani da ido wani babu, har kusan inda muka tsaya.

Yana bakin titi a tsaye, buhun siminti a kafaɗa wanda wani ya yafa masa. Silifas ɗaya ya rage, ƙafafun sun kumbura. Ya ɗaga wa tasin hannu, direban ya tsaya. Babana ya fita ya durƙusa a cikin taɓo ya riƙe masa gwiwa. Kaka ya dube shi kamar baƙon da ya tsallake hanya ba izini, sannan ya hango ni.

"Amaryata, sai yanzu? Ina tuwon?"

Sai tari ya sarƙe shi, mai zurfi, daga can ƙasan ƙirji. Da wannan tarin ya dawo gida, kuma bai rabu da shi ba.

Da labari ya kai wa Baffa, ya yi hamdala sau da yawa, sannan ya ce, "Ba na faɗa ba? Ashe ba a kan ƙwaryarta aka ga takardar ba?" Ragowar fastocin ya ɗaure su da igiya ya ɗora a kan kabad. Farantin hoton ma ya karɓo ya adana, domin mai shagon ya gaya masa ba ya lalacewa, duk ranar da aka buƙata sai dai a sauya aljihu.

Aka sa ranar walimar godiya. Wannan karon ba a sa sakata ba, domin gari ya riga ya san akwai Babban Jami'i a gidan, kuma abokan aikin Baffa suna son ganinsa. Da sassafe ina shara na tarar da Kaka a zaure yana lalubar ƙofar waje, yana cewa jirgin safe ya kusa. Na riƙo hannunsa na mai da shi ɗaki. Ban faɗa wa kowa ba, kowa yana ta yankan albasa.

Aka yi masa wanka aka zura masa babbar rigar Baffa mai sitaci, ta haɗiye shi har yatsu. Gwaggo ta sa masa kwalli, ta cusa takarda a cikin hula don kada ta faɗo masa kan ido. Aka zaunar da shi a kujerar falo da aka fito da ita tsakar gida, aka tokare shi da matasai. Mai hoto ya zo da akwatinsa mai ƙafa uku, wani saurayi siriri mai yawan cewa "a ɗan ɗaga haɓa". Baffa ya tsaya a dama, abokan ofis a baya. Na ji Gwaggo tana ce wa mai hoton, "In ka je wankewa ka ɗan cika masa fuska, ka ga bai da lafiya ne." Ya ce ai aikinsu ne, kada ta damu.

Da aka gama, hankalin kowa ya koma kan shinkafa. Kaka ya zame daga kujerar, ya tuɓe rigar ya bar ta a ƙasa a tsaye da kanta saboda sitaci, ya lallaɓa ya koma ƙuryarsa. Na leƙa na gan shi zaune a bakin ƙofar ɗaki cikin kayansa na kullum, rana tana dukan fuskarsa, yana tari yana sauraron wani abu daga nesa.

Mai hoton yana zaure yana naɗe ƙafafun akwatinsa. Na tsaya a bayansa har ya kusa gamawa. Ya waigo.

"'Yan mata, ke ma hoton kike so?"

Na girgiza kai. Muryar ta zo maƙogwaro ta tsaya inda ta saba tsayawa, na tura ta da ƙarfi.

"Malam, don Allah kafin ka tafi ka zo bayan gida ka ɗauki kakana yadda yake zaune yanzu. Guda ɗaya, baƙi da fari, daga kai har ƙafa. Kada ka cika masa komai, kada ka share komai. In ka wanke kuma kada ka haɗa da na Baffa, ni za ka kawo wa."